Laimar Tanimu

Laima guda gare ni a bakin kasuwar Yalwa,
tebur mai ƙafa uku da tubali,
waya biyu, ɗaya ta tsage a goshi,
da littafin da nake jera lambobi.
Nan Libarbil ke sauka a Garwa.
Nan Jidda ke tsiyayo guminta,
Malabo ma, in rezo bai yi fushi ba.

Kada ku ce mini mai kuɗi.
Indararo ne ni,
ruwa ya bi ta kaina ya wuce,
ya bar mini danshi.

Goggo Ladidi kan zo ran biyar ga wata,
wayarta ƙulle a haɓar zane
kamar goron da ake ɓoye wa baƙi.
Ba ta karatu. Sai ta miƙo:
"Duba mini ko yaron ya motsa."
Ya motsa, Goggo. Jaka arba'in cif.
Sallau ne, can bakin teku,
inda yake juya tsire har asuba
don mutanen da ba su san sunansa ba.

A da, in ji ta, sai a jira direba.
Bawuro mai tirela, kwana tara a hanya,
kuɗin a ɗinke cikin matashin kujera.
Jandarma ya lasa, ɗan kamasho ya lasa,
Bawuro ma ya sha mai a ciki.
Arba'in ta iso tana talatin,
a rame, kamar saniyar da ta tako daga Cadi.
Sannan ofishi mai gilashi ya zo:
layi tun hantsi, katin ɗan ƙasa, dangwala yatsa,
da la'ada mai haƙorin kura.

Yanzu kafin ta gama tambayar gajiyata
kuɗin sun shigo sun zauna.
Abin da ake yanka
bai kai na ɗan moto zuwa gadar Binuwai ba.
Ta ƙirga rarar da yatsu:
kwano biyu na shinkafa, sabulu,
allurar jikanta.
Ta ce Allah ya saka wa mai wannan dabara.
Na ce amin.

Amma ba ta tashi.
Takan gyara zama a bencina,
ta ƙura wa gilashin ido
kamar mai leƙen rijiya.
"Bai rubuto komai a ƙasa ba?"
Babu, Goggo. Lamba ce da kwanan wata.

Bawuro, ta ce, yana da dogon hannu,
Allah ya jiƙansa,
amma yakan zauna ya sha fura
ya ce yaron ya yi kumatu,
ko yana ɗan tari,
ɗakinsa na yoyo ta gabas,
na bar shi da riga shuɗiya.
Jaka goman da yake ci
ashe kuɗin gani da ido ne.

Watan jiya na yi abin da ban saba ba.
Na danna lambar Sallau da kuɗina,
na ɗora mata a kunne.
Hayaniya, hon ɗin mota, ƙarar wuƙa a katako,
sai muryarsa a firgice:
"Ba su shigo ba ne?"

"Sun shigo," ta ce.
"Wace riga ce a jikinka?"

Shiru ya yi tsawo har na zaci layin ya yanke.
Sai dariya, irin mai ruwa a ƙarshe.
"Ja ce, Inna. Ta ƙone a hannu."
"To, nema mata faci."

Ta miƙo mini wayar da ɗumin kunnenta,
ta ƙulle jaka arba'in, ta tafi
tana ratsa buhunan albasa.

Dala ɗari ta tafi a kiran nan.
Littafina shafi biyu ne: shiga da fita.
Har aka kira magariba
biro na hannuna,
ban san inda zan rubuta ta ba.